Ƙwaryar Inna a Bayan Layi

Ciwon suga ne ya cinye idon Inna, kuma bai yi gaggawa ba. Da farko zura zare a allura ya gagare ta, daga baya ta daina gane mutum sai ya yi magana, har ranar da ta ce mu daina jan ta zuwa asibiti, ita ta ga iya abin da Allah ya rubuta mata ta gani. A lokacin ina da ɗan shago kusa da tasha a Daura, ina gyaran waya, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a katin mimori. Na yi karatun kwamfuta, na fito da takardar da har yau ba wanda ya ce in nuna masa. Abu ɗaya na tsira da shi: na iya haɗa 'yar manhajar waya, irin wadda ba za ka so masana su leƙa cikinta ba, amma tana aiki.

Da na ga Inna tana wuni a ɗaki ba abin yi sai sauraron kaji a tsakar gida, sai na haɗa mata manhajar sauraro a tsohuwar wayata. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Duk inda ta taɓa a tsakiyar fuskar wayar sauti zai tashi, in ta sake taɓawa ya tsaya. A gefe akwai ɗan maɓallin wucewa, na masu jinya. In abu ya ƙare, sai na bayansa a katin ya kama, yadda dai suka faɗo. Na zuba mata karatun Alƙur'ani da tafsiri da 'yan waƙoƙin yabon Manzo. Na kuma zuba abu ɗaya da ita ta roƙa da bakinta, tana magana ƙasa-ƙasa bayan ta tabbatar ba kowa a kusa.

Kafin a haife ni, da kuma ina ƙarami, Inna 'yar kiɗan ƙwarya ce. Ba ita ce mai waƙar ba, tana cikin masu amshi, tana riƙe da ƙaramar ƙwarya, kuma ita ce mai guɗa. Suna ko biki, in dai taron mata ne a unguwarmu, da su ake yi, har daga garin Dutsi ana zuwa a ɗauke su. Da aka kawo shari'a ba wanda ya zo gidanmu ya ƙwace ƙwarya, kada in yi wa kowa ƙage. Kiran ne dai ya riƙa raguwa. Wannan gida su ce walima za su yi a kira malama, wancan su ce maigida ba ya so, har matan suka watse, babbarsu ta rasu. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ƙwaryarta ta koma ta damun fura, ita kuma ta shiga makarantar matan aure ta yamma, ta yi ta fama har ta iya haɗa baƙi. Abin da ya rage na wancan zamani kaset ɗaya ne, wanda wani ya ɗauka da rediyonsa a wani biki. Na kara waya a bakin rediyo na kwafe shi, da shuu ɗinsa da kukan yara da komai. In ka kasa kunne, can wajen tsakiya za ka ji Inna ta rangaɗa guɗa.

Wata rana da hantsi Baffa ya shigo duba ta. Baffa ƙanin mahaifinmu ne, malami mai karantar da littattafai a zaurensa, kuma tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan. Ya zauna bakin ƙofa a kan tabarma, ina gefe, ana sauraron karatu, kowa ya yi tsit. Mai karatu ya kai ƙarshen sura ya rufe. Ko numfashi ba mu sauke ba sai kiɗan ƙwarya ya ɓarke, mata suka ɗauki amshi. Na yi wuf na cafke wayar, garin sauri na ƙara mata murya maimakon in kashe. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ita da ba ta ganin kowa.

Baffa bai yi faɗa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ban hana Hajiya jin abinta ba. Amma komai da muhallinsa. A gama na Allah tukuna, sannan na duniya ya biyo."

"Haka ne, Malam," in ji Inna daga cikin mayafi.

Wannan magana ita ta zama doka a ɗakin, kuma ita ta ɗora ni a kan aikin da nake ba da labarinsa. Na ce to, tunda tsari ake so, zan sa wa manhajar layi. Layi irin na jarkoki a bakin famfo nake nufi: wanda ya fara ajiyewa shi zai fara ɗiba, wanda ya zo daga baya ya ajiye a baya. Ka zaɓi abu ka danna, ya tafi ƙarshe ya jira. In na gaba ya ƙare, manhaja ta cire shi ta ɗauko mai bi masa. Ba sauran ƙwarya ta faɗo wa sura ba sallama.

A baki abu ne mai sauƙi, a aikace sai da ya ci mini makonni. Kwamfutata batirinta ya mutu tun tuni, in an ɗauke wuta sai ta mutu tare da duk abin da ban adana ba, ni kuwa ga mantuwa. Ina tsakiyar rubuta umarni sai wani ya turo kai ya ce wayarsa ta faɗa randa, ko a cika masa kati yanzu-yanzu motarsa za ta tashi. In na dawo na manta inda na tsaya. Akwai matsalar da ta kusa zautar da ni: in abu na ƙarshe a layi ya ƙare, manhajar sai ta je neman na gaba, ta tarar ba kowa, ta rufe kanta. Na yi ta zagin ta har maƙwabcina mai faci ya leƙo ya tambaya da wa nake faɗa. Da na san layin nan ba zai taɓa zama fanko ba, da ban ɓata wa kaina rai a kan wannan ba. Amma ranar da ta yi daidai, na jera abubuwa suka bi juna yadda na ce, daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Tun la'asar na rufe shago na tafi gida ina ji da kaina.

Yayata na fara nuna wa, wadda ta baro gidanta a Mai'adua ta dawo jinyar Inna, don ita ce ke wuni a ɗakin. Ta saurara, ta gwada, ta jinjina kai. Sannan ta ce, "To in Baffa ya zo ya ce a sa wani abu fa?"

"Sai ya shiga layi."

Ta dube ni kamar na zagi wani. "Baffan ne zai bi layi? Auta, kana da hankali kuwa? Ko a famfon da kake faɗa, in dattijo ya aiko ai ɗaga masa ake yi."

Na yi gardama, na ce in kowa zai tsallake to ina amfanin layin. Ta ce ba kowa ba ne, manya ne kawai. Na koma shago ina ƙunƙuni na ƙara maɓalli na biyu. Na farko na rubuta masa "Bi layi", na biyu "Sa a gaba". Shi wannan na biyun ko wuni ɗaya bai ɗauke ni ba, rubutu kaɗan ne.

Ranar da muka fara aiki da shi na jera wa Inna surorin da take so da tafsiri ɗaya, sannan na sa waƙar ƙwarya a ƙarshe, yadda Baffa ya ce. Na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce, "To madalla. Kafin magariba ke nan."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne 'yan dubiya. A wajenmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana. Fura ake kawowa, ko lemo, ko dabino, ko ɗan tuwo da miya mai kyau. Inna kuwa likita ya hana ta kusan komai, ga ƙoda ta fara taɓuwa, duk abin da aka kawo sai dai Yaya ta yi godiya ta miƙa maƙwabta. Mutane suka riƙa jin nauyi. Sai wata gwaggonmu ta gano cewa akwai ƙofa ɗaya da likita bai rufe ba, wato kunne. A ranar nan ta farko ta zo da addu'ar neman sauƙi a wayarta, aka tura ta wayar Inna, Yaya ta danna mata "Sa a gaba", don ba a cewa gwaggo ta jira. Gwaggo ta fita ta ba da labari. Kafin mako ya zagayo, duk mai zuwa da tsarabarsa a waya.

Kuma wa ke zuwa dubiyar tsohuwa in ba tsofaffi ba? Maganar Yaya ta "manya kawai" ta tashi a banza, don kowa babba ne. Wadda ba ta girme mu ba mijinta ya girme mu, ko kuma aiko ta aka yi. In mata sun yi sallama ni tashi nake in ba su wuri, in koma zaure in zauna. Daga can nake jin 'yar ƙarar da wayoyi ke yi in turi ya kammala, kuma kowace ƙara na san abin da take nufi: waƙar Inna ta ƙara matsawa baya. Wannan ta kawo ruƙiyya, waccan wa'azi a kan ladan haƙuri da cuta, wani ya aiko da tafsirin watan azumi guda, zama bayan zama. Ba mai kawo gajere, don gajere kamar rowa ne. In sun dawo kuma sai sun tambaya, "An sa mata nawa kuwa? Ta ji?" Ba wanda ya yi da mugun nufi, yawancinsu ba su ma san akwai wata waƙa tana jira ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, don na rasa wanda zan yi fushi da shi.

In na dawo daga shago na shiga gaishe ta, bayan ta tambayi kasuwa, sai ta saurara ta ji ko da wani a kusa, sannan ta ce, "Auta, tawa ta kusa?" Sai in ɗora yatsa a fuskar wayar in yi ta ja, in yi ta ja. In ce, "Da ɗan saura, Inna." Ta ce, "To ba komai. Tana nan dai ko?" In ce tana nan.

Wata rana Yaya ta leƙa maƙwabta, muka rage mu biyu. Na ce, "Inna, bari in ɗago miki ita yanzu, ba kowa. Ba za ta jima ba."

"Ka ɗago ta ka ɗora a kan me?"

"A kan na gaba."

"Na gaban mene ne?"

Na duba. Sura ce.

"Ka tsallake maganar Allah don ƙwaryata? A'a, Auta. Ni da nake bakin hanya. Bar ta inda take, ta zo da ƙafarta."

Na ce to in sa mata a tawa wayar, wadda ba ruwanta da layi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wato wayar nan kaɗai Allah yake gani, taka ba ya ganin ta? Kai dai karatun nan naka bai ƙare ka da komai ba."

Na taya ta dariyar, amma raina a ɓace yake. A ranar na gane tana son waƙar nan matuƙa, tana kuma tsoron ta. Yaya ta taɓa gaya mini abin da ke ransu ita da Inna: kada rai ya zo fita ana kiɗa a kunnenta. In faɗi gaskiya, ni ma ina da wannan tsoron. Hanya ɗaya ce Inna za ta yarda da ita, waƙar ta iso da kanta bayan an sallami kowa, yadda ba wanda zai ce ta fifita ta a kan wani abu, har ita kanta.

Na tafi wajen Baffa, tunda daga bakinsa dokar ta fito. Na jira ɗalibai suka watse, na durƙusa na yi masa bayani, na ce layin ba ya ƙarewa, ko zai yi magana ɗaya a ba waƙar hanya. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Ka san a bikin wa aka ɗauki kaset ɗin nan? A nawa. Na gane shi tun bugun farko." Ya yi ɗan murmushi, ya shanye shi. "Ni ban hana ba, na faɗa na sake faɗa. Amma in buɗe baki in ce a sa kiɗa gaba da karatu a ɗakin mara lafiya, wannan ba zai fito daga bakina ba, ɗana. Gobe a zauren nan me zan ce wa mutane?" Na tashi na yi masa sallama. Na je da shirin musu, na dawo ina jin tausayinsa, wanda kuma bai amfane ni da komai ba.

Akwai wani aibi a manhajar da ya so ya taimake mu. In caji ya ƙare wayar ta mutu, layin gaba ɗaya gogewa yake, don ban koya mata ta adana shi ba. Sai a sake jerawa daga fari, kuma ba mai iya tuna duk abin da aka tara, saboda haka yakan dawo gajere. Ta haka waƙar ta riƙa matsowa, ni kuwa na yi gum da bakina. Sai wata rana gwaggo ta tambayi wani wa'azi da ta kawo, aka nema aka rasa, ta ce ashe na'urar tana zubar da amana. Yaya ta tsare ni a tsakar gida ta ce in gyara, kayan mutane ne. Inna ma ta sa baki daga ɗaki ta ce in gyara. Na zauna a shago na rubuta yadda duk abin da aka ƙara za a ajiye shi nan take, ko wayar ta mutu in ta farfaɗo ta tarar da layinta cif. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa yin mai kyansa ba, kuma ina yi ina sane da wa nake cuta.

Daga nan na yi dabara. Na sa wata ƙa'ida a ciki: duk abin da aka tsallake shi da yawa, manhaja ta ba shi hanya ko wa ke gabansa. Na ce a raina wannan ba hannuna ba ne, adalci ne. Ina shago abin ya tashi, Yaya ce ta ba ni labari. Ƙwarya ta yi 'yan bugu, Inna ta ɗago kai, sai aka yi sallama, matan unguwa ne sun dawo daga gidan rasuwa sun biyo. Yaya ta danna maɓallin wucewa a gigice. A yadda na tsara manhajar kuwa, abin da aka wuce shi bai ƙare ba ƙarshen layi yake komawa, don kada ya ɓace.

Da na dawo Inna ba ta tambayi kasuwa ba. Ta ce, "Kai ka turo ta ko?" Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba: "Ai na ji. Ba lokacinta ba ne, akwai na gwaggonka a gaba da na matar liman, ina lissafe." Ashe ita da ba ta gani tana riƙe da layin a ka. Ta ce in cire dabarata kuma kada in sake. Na cire.

Abin haushi, a tasha manhajar nan ta yi farin jini. Wani direba ya gan ta a hannuna ya ce in sa masa, ya nuna wa 'yan'uwansa, sai ga su suna zuwa. Su jera waƙoƙinsu tun daga Daura, su kama hanya ba sai sun taɓa waya ba har su sauke fasinja. Suna ta sa mini albarka, wai na hutar da su. Ga kowa layin yana tafiya yana ƙarewa, ban da mace ɗaya da na yi shi dominta. Har na kai in aka yabi abin sai in ji kamar in kori mutum daga shagon.

Sai damina ta sauka. Mutane suka koma gona, hanyoyin ƙauye suka caɓe, kuma jinya in ta yi tsawo ƙafa takan ɗauke, ba don rashin so ba. 'Yan dubiya suka ragu. Jikin Inna kuwa ya ƙara sauka. Ƙafafu da hannu suka kumbura, abinci sai a cokali, barci ya fi farkawa yawa. In ta yi barci Yaya takan tsayar da wayar, don Inna ta ce abin da aka karanta tana barci ba a sauke nauyinsa ba. Duk da haka layin ya fara gajarta. Jan yatsana ya ragu, har wata rana duk abin da ya rage ya shiga fuskar wayar, ina ganin waƙar a ƙasa ba sai na ja ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada in yi mata baki.

Ranar da ya rage saura ɗaya ban buɗe shago ba. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Wa'azi ne a gaba, na wani malami mai jan magana. Da hantsi Inna ta farka da ɗan ƙarfi, ta yi tambayarta. Na ce, "Wannan kaɗai ya rage, Inna, kuma ya yi nisa." Ta ce Yaya ta tashe ta zaune, a jingina ta da filo, a ɗaura mata ɗankwali da kyau.

"Inna, biki za ki?" in ji Yaya.

"Ke dai ɗaura."

Muka zauna mu uku muna sauraro. Malam ya shiga addu'ar rufewa. Na ga yatsun hannun Inna na dama sun fara motsi a kan gwiwarta, a hankali, suna neman bugun da za a fara da shi. Sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da dukanmu muka sani.

Kawu ne, yayan Inna, daga garin Babban Mutum. Tsoho ne mai kiwo da fataucin dabbobi, ƙafa ta daɗe da ƙi masa, tun fara jinyar sai dai aike. An gaya masa jikin ya tsananta, ya sa aka ɗauko shi a babur cikin wannan caɓi, wandonsa laka har gwiwa. Na tsayar da wayar, na fita na riƙo shi ya shigo. Suka gaisa, ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba, ya kira ta da sunan da ake kiranta tana yarinya, wanda ban taɓa ji ba. Sannan ya cire hula, ya zaro 'yar takarda a naɗe daga cikinta, ya warware. Katin mimori ne.

"An ce kunne kaɗai ya rage miki," ya ce mata. "Na sa an zuba miki Alƙur'ani a kasuwa, izifi sittin, ba a rage ko aya ba. Ni ba ni da abin da ya fi wannan." Ya miƙo mini. "Ungo, ɗana. Sa mata yanzu, in ji an fara kafin in koma."

Na sa katin a wayata na shiga turawa, ina jan lokaci, ban san me nake jira ba. Yaya ta dube ni, na dube ta. Da turin ya kammala na tattaro ƙarfin hali na ce, "Kawu, akwai ɗan abu ɗaya da ya rage a gaba. Waƙarsu ce ta da, ta ƙwarya. Ta daɗe tana jiran ta. Ba za ta ɗauki lokaci ba."

Kawu ya dube ni. Ban ga fushi a fuskarsa ba, kunya na gani, irin ta wanda ya shigo ɗaki ba a shirya ba. Ya juya hular a hannunsa ya ce, "Au. To ai ita ke da kunnenta. Yadda ta ce."

Da ma ya hana. Da ya hana, da na samu wanda zan yi wa gardama. Sai ya ajiye maganar a gaban Inna, ga yayanta da laka a ƙafa, ga izifi sittin a gefe guda, ga ƙwarya a ɗaya gefen, wai ta zaɓa da bakinta a gaban mutane. Na san amsar kafin ta buɗe baki.

"Sa masa nasa, Auta," ta ce. "Daga nesa ya ɗauko."

"Inna..."

"Sa a gaba."

Na danna. Malam ya ƙarasa addu'arsa, aka shafa, mai karatu ya ɗauko Fatiha da murya mai daɗi ƙwarai. Kawu ya lumshe ido yana bi da leɓe, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa hannun Inna nake kallo. Yatsun ba su san an sauya shawara ba, suna ta ɗan bugunsu a kan gwiwa. Sai ta ɗago hannun hagu, wanda ya kumbura da ƙyar take ɗaga shi, ta ɗora a kan na dama ta danne.

Ba a kai rabin saukar ba ta rasu, da safe, Yaya na riƙe da ita, Baffa na laƙƙana mata kalmar shahada. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta tafi da karatu a kunne, Allah ya ba mu irin nata. Gaskiya suke faɗa, na yi ta amsawa da amin har muryata ta dushe. Amma ina amsawa ne ina ganin hannun nan na hagu a kan na dama, kuma har yau in na zauna na sake bin ranar daki-daki, ban ga inda zan sa hannu in gyara ba.